Hanyar Izom Bayan Ambaliya

Shekara ashirin da bakwai Dogara ya yi yana raba wa masu shayi burodi a kan mashin. Kullum bayan sallar asuba zai ɗaure akwatin katako a bayan mashin ɗin, ya cika shi a gidan burodin Alphonsus da ke nan cikin Suleja, ya fara da teburan cikin gari, ya miƙe hanyar Kaduna har Sabon Wuse, sannan ya juyo ya karya yamma ya nufi Izom. Kafin azahar ya dawo gida, rigarsa na ƙamshin burodi da hayaƙin itace. Da gwiwarsa ta dama ta matsa masa, 'yarsa Mardiyya kuma ta samu aikin jinya a Abuja, sai ta ce aikin ya isa haka. Bai yi mata gardama ba. Aka tura mashin lungun zaure aka lulluɓe shi da tamfol, shi kuma ya koma zaman ƙofar gida a unguwarsu ta Hashimi, rediyo a gefensa. Shekara shida ke nan.

A ƙarshen Agustan bana aka yi ruwan da ya kwana uku bai ɗauke ba. Gidan Dogara a kan tudu yake, ban da yoyon ɗaki ɗaya babu abin da ya same shi. Amma da rediyo ta fara jero wuraren da ruwa ya ci, sai ya kasa zama. Ga sauran masu saurare sunayen garuruwa ne da unguwanni. Shi kuwa kowane suna aka ambata sai ya ga tebur, ya ga buta a kan wuta, ya ga fuskar mai ita. Ya lalubo lambobin da suka rage a wayarsa ya yi ta kira. Wata ta shiga ba a ɗauka ba, wata aka ce a kashe take, wata kuma wani baƙo ya ɗauka ya ce bai san mai wannan suna ba.

Ranar Alhamis ya yaye tamfol. Bakaniken layinsu ya wanke tanki, ya sake fulogi, ya zuba sabon baƙin mai, suka yi ta buga kik har mashin ya yi tari ya tashi. Mardiyya tana aure ne a bayan layin, kuma tun rasuwar mahaifiyarta ba ta shiga motar Abuja sai ta leƙo ta gaishe shi. Da safiyar Asabar ta tarar da shi yana ɗaure akwatin da igiyar roba. Ta tuna masa gwiwarsa, ta tuna masa shekarunsa, ta ce hanyoyin duk sun lalace, in labari yake so ita za ta nemo masa. Ya saurare ta har ta gama.

"Ba labari nake so ba, Mardiyya," in ji shi. "Mutanen nake so in gani."

Daga nan ta shiga ciki ta fito da rigar ruwa da maganinsa na gwiwa, ta karɓi wayarsa ta duba caji, ta ce duk inda la'asar ta same shi ya juyo.

Alphonsus ya daɗe da komawa garinsu a kudu, ɗansa Ikenna ne ke riƙe da gidan burodin. Ikenna ya gane shi tun daga ƙofa, ya fito yana share fulawa a hannu. Da ya ji inda za shi, sai ya sa aka cika masa akwatin da wanda ya fito daga tanda a lokacin, ya danna murfin da kansa. Ɗumin burodin ya ratsa katako ya taɓa bayan Dogara, kamar yadda ya saba yi masa a safiyoyin da, har ya ji kafaɗunsa sun saki.

Ya fara da Nura, wanda teburinsa ke gangaren rafi a nan cikin gari. Wurin da ya sani ya zama fili na laka da tarkacen leda, amma bai yi nisa ba ya hango hayaƙi a barandar wani shago da ke sama. Nura ne, ya ɗora buta a kan murhun aro. Saurayi ne sa'ad da Dogara ya fara kawo masa burodi; yanzu furfura ta cinye gemunsa. Ya miƙe ya riƙe hannun Dogara da hannu biyu, ya zaunar da shi a kan bokitin fenti da aka kife, domin benci uku da yake da su duk ruwa ya tafi da su. Teburin kansa a jikin wata bishiyar mangwaro aka tsinto shi, ƙafa ɗaya ta karye, ya tallafe ta da bulo.

Yana sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan yana ba da labari. Ya ce iyalinsa lafiya lau, sun fita da wuri. Abin da ya ba shi mamaki, washegarin ruwan, tun bai gama tantance abin da ya rasa ba, mutane suka zo suka tsaya cikin laka suna tambayar ko akwai shayi, don babu gidan da aka iya hura wuta. Haka ya nemo busasshen itace ya dafa musu ruwan ganye zalla, ba madara, ba burodi, suka sha a tsaye. Dogara ya buɗe akwati ya ajiye masa guda goma. Nura ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya ce wanda ake kawo masa yanzu a mota iska ce kawai a cikinsa.

Daga nan ya hau hanyar Kaduna. Hannunsa bai manta ba; shi ke sake giya tun kafin ya yi tunani. Hanyar ce dai ta canza. Inda ya san gonakin dawa yanzu gidajen mai ne da shagunan bulo, manyan motoci kuma na wuce shi da iskar da ke neman ture shi gefe. Ya riƙe bakin hanya ya tafi a hankali.

A Sabon Wuse teburin Malam Fakhruddeen yake nema, wani dattijo mutumin Sakkwato da ke kafa kayansa a gindin wata babbar darbejiya kusa da kasuwa. A nan ake muhawara mafi zafi a duk hanyar: direbobi, 'yan dako, malaman makaranta, kowa da ra'ayinsa, shi kuwa Malam Fakhruddeen ba ya tsoma baki sai an kusa kai wa hannu, sannan ya ɗaga murya ya tambayi wanda ya fi kowa zafi ko a ƙara masa sukari. Dogara ya wuce wurin sau biyu bai gane shi ba. Babu darbejiya. Wani shagon ƙarfe ne a wurin, ana cajin waya ana sayar da kati. Matar da ke ciki, cikin Hausarta mai gauraye da Turancin kasuwa, ta gaya masa tsohon ya rasu azumi biyu da suka wuce, iyalinsa sun koma gida, bishiyar kuma an sare ta lokacin da aka faɗaɗa hanya. Da ya tambayi ambaliya, ta ce nan ɓangaren ruwa bai yi wata ɓarna ba.

Ya koma ya tsaya jikin mashin ya yi wa mamacin addu'a. Ya fito ne don ya ga abin da ruwa ya yi, ga shi nan ruwa bai taɓa komai ba, amma babu abin da ya rage. Tafiyar minti talatin ce daga ƙofar gidansa, kuma shekara biyu mutumin na ƙasa bai sani ba. Bai buɗe akwatin ba a Sabon Wuse.

Da ya karya yamma sai ɓarnar ta fara bayyana sosai. Masara ta kwanta gona bayan gona, duk ta fuskanci gefe guda. A ƙauyukan bakin hanya an baza katifu a kan rufin kwano, an shanya littattafan makaranta a kan duwatsu, mata na tsince shinkafar da ta fara tsiro a cikin buhu. Duk inda ya rage gudu ya yi jaje, sai a amsa masa da an gode Allah, a ci gaba da aiki. Can gaba ya tarar da layin tireloli ya toshe hanya, an ce wata ta kafe a inda kwalta ta zabtare. Ya tuna wata tsohuwar hanyar ƙasa da yake bi in ya makara, ya saki kwalta ya bi ta.

Hanyar na nan, amma kwalbatin da ke tsakiyarta ya tafi. Ruwa ja na gudu a wurin, faɗinsa ya kai tsawon mota biyu. Wasu magidanta daga ƙauyen kusa sun mayar da abin sana'a: su zura sanda biyu a ƙarƙashin mashin, mutum huɗu su saɓa su haye. Babbansu ya dubi Dogara ya dubi ruwan, ya ce Baba da ya haƙura ya juya. Dogara ya ce Izom za shi, kuma ga ta can ana hango hasumiyar masallacinta. Suka ɗauki mashin, wani ya ɗora akwatin a ka, shi kuma ya naɗe wando ya dafa kafaɗar babban nasu. Ruwan ya kai masa ƙugu, sanyinsa ya shiga gwiwar har ya cije leɓe. A tsakiya mai akwatin ya zame, ya durƙusa, gindin akwatin ya nutse kafin ya miƙe. Da suka fita mashin ya ƙi tashi. Dogara ya zauna a kan ciyawa ya kwance fulogi, ya goge shi da hularsa, ya hura, ya mayar. A bugu na biyar ya kama.

Izom ita ce zangonsa na ƙarshe a da, kuma a nan yake hutawa. Akwai wata rumfa kusa da kogi, ta Vincent da matarsa Lidiya, mutanen garin ne, Kiristoci. Vincent na shayi, Lidiya na tuyar ƙosai da kunu a gefensa, bayan rumfar kuma ɗakunansu biyu. A shekararsa ta tara a kan hanyar, wata saniya ta faɗo masa daidai gaban rumfar, ya faɗi ya karye a ƙafa. Su suka ɗauke shi, suka kira mai ɗori, mai ɗori ya ce kada a motsa shi. Kwana goma sha ɗaya ya yi a ɗakinsu. Vincent ya shiga kasuwa ya sayo sabuwar buta don alwalarsa, ya je ya tambayo limamin gari inda alƙibla take ya zana a bango da gawayi. Lidiya ba ta sa masa nama a miya sai wanda ta sayo da kanta wurin mahaucin Hausawa. Kuma don kada Alphonsus ya ba wani hanyar, Vincent ya bar wa matarsa shayi, ya hau mashin ɗin Dogara ya yi ta raba burodi har ƙafa ta warke, duk da bai san rabin masu teburan ba. Vincent ya rasu shekara biyu kafin Dogara ya ajiye aiki, Lidiya ta haɗa shayin da ƙosan ta riƙe. Ranar da ya kawo mata burodin ƙarshe ya ce mata duk wata zai riƙa leƙowa. Bai leƙo ko sau ɗaya ba.

Ya tsaya daga kan hanya ya duba gangaren. Babu rumfa, babu ɗakuna. Ya kasa sauka daga kan mashin, har wani mai keke ya gaya masa mutanen bakin kogi duk suna makarantar firamare, kuma ba a rasa rai ba a wannan layin.

A barandar wani aji ya sami Lidiya, zaune a kan kujerar 'yan makaranta, gabanta wata ƙatuwar tukunya a kan duwatsu uku, tana zuba wa mata da yara baƙin shayi a duk abin da suka miƙo, kofi ko kwano ko gwangwani. Ta rame, kanta ya yi fari fat. Wata mata mai kama da ita na tsaye tana tsara layi. Sai da ta juyo ya gane Godiya ce, 'yarsu, wadda ya bari tana shirin aure. Ya kashe mashin ya yi sallama. Lidiya ta ɗaga kai ta ƙura masa ido, ludayi a hannu.

"Dogara," ta ce. "Sai yau?"

Ta dubi wandonsa da ke ɗigar ruwa, ta dubi akwatin, sai dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ya sani, mai girgiza kafaɗa. Ta ce ya makara, an sha na safe, amma ya sauke kayan tunda ya kawo.

Godiya ta nemo wuƙa aka yi ta yanka burodin ƙanana don ya zagaya. Na ƙasan da suka jiƙe Dogara ya ce a zubar, Lidiya ta hana. Ta sa aka ɗora kasko ta gasa su har suka bushe suka yi ƙamshi, yara suka fi rububinsu. Aka ba shi nasa shayin a murfin kula. Yana sha Godiya na ba shi labari: da hantsi ruwan ya shigo, cikin abin da bai kai awa ba ya kai taga, maƙwabta suka fito da uwar a goye, daga ita sai zanen jikinta da jakar takardunta. Ita Godiya a Minna take aure, ta zo ne ta tafi da ita, kwana huɗu ke nan tana lallashi.

Da layi ya watse, Lidiya ta ce ya kai ta ta ga wurin. Tun da aka fito da ita ba ta koma ba. Godiya ta ce babu abin gani, Mama, sai ɓacin rai. Lidiya ta ce ta sani. Dogara ya kwance akwatin ya ajiye, Godiya ta taimaka mata ta hau, suka gangara a giya ɗaya, ƙafafunsa na jan ƙasa.

Daɓen siminti ne kawai ya rage, rabi yashi ya binne shi, da guntun ginshiƙi ɗaya. Kogin ya koma makwancinsa yana tafiya abinsa. Lidiya ta taka daɓen tana nuna masa da ƙafa: nan teburin Vincent, nan kaskonta, nan bencin da direbobi ke kwanciya, nan ɗakin da ya yi jinya. Ta tuna masa yadda ya yi ta ihu ranar ɗori har Godiya, tana 'yar shekara shida, ta gudu ta ɓuya a bayan randa. Ya tuna mata ranar da Vincent ya kai burodin Sabon Wuse wani gari daban, ya dawo yana rantsuwa hanyar ce ta sauya. Suka yi dariya.

"Maman Godiya," in ji shi, "na ce miki zan riƙa zuwa. Ban zo ba. Ba ni da wani dalili."

"Ni ma ban je Suleja ba," ta ce. "Mota nawa ke wucewa ta nan kullum? Bar wannan maganar. Ka zo da ƙafarka, ka same ni da raina."

Ya tambaye ta ko za ta sake kafa rumfar, ya ce akwai kwanon rufi a gidansa da ba ya amfani da shi. Ta girgiza kai. Ta ce tun kafin ruwan masu manyan motoci sun daina tsayawa, sun koma shagunan gidajen mai, wata rana sai ta wuni ba ta ƙarar da buta ɗaya ba. Ta zauna ne kawai don ba ta san yadda za ta kulle ƙofar da Vincent ya kafa ta juya baya ba. Yanzu babu ƙofar. Gobe bayan an tashi daga coci za ta bi Godiya. Tana so ne ta fara zuwa nan tukuna, kuma ba ta so ta zo da wanda bai san yadda wurin yake a da ba.

Aka kira azahar daga cikin gari. Ta koma gefe ta zauna a kan guntun ginshiƙin, shi kuma ya yi alwala da ruwan leda biyu da ke aljihun rigar ruwansa, ya share yashi, ya yi sallarsa a kan daɓen. Bai buƙaci tambayar kowa alƙibla ba a nan. Da ya idar ya mayar da ita makaranta. Godiya ta sa masa lambarta a waya, Lidiya kuma ta ce ya gaishe da Mardiyya, wadda ba ta taɓa gani ba sai a labari.

An janye tirelar da ta kafe, don haka ya dawo ta kwalta. Hadari ya haɗo ta gabas, kafin ya kai mahaɗar hanyar Kaduna ruwa ya sauko. Ya faka a wata rumfar shayi da bai sani ba, sabuwa, mai kujerun roba da talabijin a rataye. Mai shayin, wani magidanci mai fara'a, ya tambaye shi daga ina, yaya hanya, gaskiya ne kwalbatin can ya karye? Dogara ya ba shi labarin abin da ya gani, masu fakewa suka matso suna saurare. Ya sa aka haɗa masa mai kauri. Da ruwa ya tsagaita ya miƙe zai tafi, har ya kai bakin rumfa mai shayin ya yi gyaran murya cikin ladabi. Dogara ya tsaya, ya gane, kunya ta kama shi, ya koma yana ba da haƙuri yana laluben aljihu. Sai a lokacin ya lura tun da yake bin wannan hanya bai taɓa biyan kuɗin shayi ba.

Ya iso gida kafin magariba ya tarar da Mardiyya a zaure. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi yadda yake ɗingishi, ta ɗora ruwan zafi. Gwiwar ta kumbura, mako guda bai taka ƙofar gida ba, sallah ma a zaune yake yi. Kwanon rufin da Lidiya ta ƙi, ya sa aka kai wa Nura.

Ranar Laraba Godiya ta kira ta ce sun isa Minna lafiya, ta miƙa wa uwar wayar. Lidiya ta ce ɗakin da aka ba ta yana da kyau, jikoki sun cika mata kunne, amma an sayo mata ƙosan unguwar ta ci ɗaya ta ajiye, wake bai ji duka ba. Ta riga ta aiki mijin Godiya kasuwa ya nemo mata kasko.